Me ya sa mutanen Bauchi ke barin ɓarawo da Allah maimakon zuwa caji ofis?

Idan aka ƙwace wa mutum waya a wajen Wunti, ko aka zare masa kuɗi a cunkoson kasuwar Muda Lawal, abin da zai fara yi sananne ne. Zai ari wayar wani ya kira gida, ya garzaya a rufe masa layi da asusun banki kafin a kwashe ɗan abin da ke ciki, sannan ya zauna karɓar jaje. Da wuya a cikin masu jajen a sami wanda zai ce masa ya tafi caji ofis. In ma wani ya faɗa, za a sami dattijon da zai girgiza kai ya ce, "Kai dai ka bar shi da Allah, kada ka ƙara wa kanka asara." Nan maganar take mutuwa. An yi laifi da rana tsaka a gaban jama'a, amma a littafin hukuma ranar ta wuce lami lafiya.

Jami'an tsaro sukan kira wannan rashin haɗin kan jama'a, shi ya sa kusan duk taron manema labarai sai an roƙi mutane su riƙa kawo bayanai a kan lokaci. Roƙon daidai ne. Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗaukar shirun mutane a matsayin jahilci ko rashin kishi, wanda wai wayar da kai za ta magance. Wanda ya ƙi kai ƙara ya san hanyar ofishin, ya kuma san aikin 'yan sanda. Lissafi ya yi: ya auna abin da zai kashe da abin da zai samu, ya ga haƙuri ya fi masa araha. Duk mai son gyara lamarin sai ya fara zama ya duba wannan lissafi da idon basira.

A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da sakamakon wani bincike da ta yi gida-gida kan laifukan da suka shafi mutane daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024. Ta ƙiyasta laifuka miliyan 51.89 a faɗin ƙasa. Cikin gidajen da 'yan fashi suka shiga, kashi 36.3 cikin 100 ne kacal suka sanar da 'yan sanda. Waɗanda aka yi wa fyaɗe ko wani cin zarafi mai kama da shi kuwa, kashi 22.7 ne suka kai ƙara. Manyan dalilan da mutane suka bayar biyu ne: ba su amince da jami'an ba, kuma suna ganin ko an kai ba abin da za a yi. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wasu alƙaluman rahoton, musamman naira tiriliyan 2.23 da ya ce an biya kuɗin fansa, kuma alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne. Amma mazaunin Jahun ko Yelwa ko Azare ba zai ce batun ƙin kai ƙara baƙo ne a wurinsa ba.

A wajen kuɗi mafi yawan ƙararraki ke mutuwa. A doka, kai ƙara kyauta ne. A aikace, wanda ya tsaya gaban kanta ya san abin da ke tafe bayan ya gama ba da sitatimen. Akwai na buɗe fayil. Akwai na mai, don motar ofis tana nan amma tankinta a bushe, ko a ce ya ɗauko keke napep ya kai jami'ai inda abin ya faru ya kuma dawo da su. In waya ce akwai na tirakin, wato bin sawun wayar, wanda in aka haɗa shi da sauran wani lokaci yakan tasam ma kuɗin wayar kanta. Sai kuma "ka dawo gobe". Ma'aikacin gwamnati zai iya neman izini a ofis ya dawo. Mai tura baro, da mai shayi, da direban keke mai biyan balas kullum, kowace "gobe" a wurinsu cefanen gida ne na yini guda. Binciken da NBS ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016 kimanin kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda sun ba da na goro ko an nema a wurinsu. A 2019 ya sauko zuwa 33. Sauƙi ne, ba shakka, amma har yanzu mutum ɗaya cikin uku ke nan.

A ce an yi sa'a an kama ɓarawon, an kuma sami kayan. Mai kaya zai ɗauka wahala ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Babur ɗinsa ya zama shaida, zai zauna a harabar ofis rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, har sai an ba da izinin sakinsa. Shari'a kuma a yi ta ɗagawa: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, wani zaman an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, wani kuma ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Ba banza ba kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. A ƙarshe mai ƙara ya gaji ya daina zuwa, kotu ta kori ƙarar don ba shaida, wanda ake zargi ya dawo unguwa. Maƙwabta suna kallo, kuma abin da suka gani da shi za su yi aiki ranar da abin ya zo kansu.

Akwai wani tsoron da ya fi na asarar kuɗi, wato mutum ya shiga ofis yana mai ƙara ya kwana a bayan kanta. Mai shagon da aka fasa ya san za a iya kwashe yaran shagonsa gaba ɗaya, shi kuma ya dawo yana neman kuɗin belinsu. Wanda ya tsinci gawa a gonarsa yakan yi tunani sau goma kafin ya faɗa. Direban da ya ga wanda mota ta kaɗe a hanyar Jos ko ta Kano yakan rage gudu ya wuce, ba don ba shi da tausayi ba, sai don ya ji labarin wanda ya taimaka aka ce shi ya kaɗe. Abin takaicin shi ne doka ta riga ta toshe waɗannan ƙofofi. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare uba don ɗansa ya gudu. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. "Beli kyauta ne" kuwa a bango ake rubuta shi. Duk lokacin da mutum ya karanta wannan rubutu sannan ya sa hannu a aljihu kafin ya fito da ɗan'uwansa, ya koyi cewa abin da hukuma ta rubuta daban, abin da take yi daban, kuma wannan karatun ba ya mantuwa.

Adalci ne a tsaya a dubi wanda ke zaune a ɗaya ɓangaren kantar. Yawan 'yan sandan Najeriya da aka saba ambata bai wuce 370,000 da 'yan kai ba, ga mutane sama da miliyan 200. A 2018 shugaban hukumar kula da ayyukan 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce fiye da 150,000 daga cikinsu suna gadin manyan mutane ne. Ragowar ake rabawa jihohi irin Bauchi, mai ƙananan hukumomi 20 da faɗin ƙasa sama da murabba'in kilomita 45,000. Kurtun da ya ce a kawo kuɗin mai sau da yawa gaskiya ya faɗa, babu man. DPO da ba a ba shi isasshen kuɗin tafiyar da ofis ba, amma ana so ya yi sintiri, ya ciyar da waɗanda ke tsare, ya kai su kotu, dole kuɗin ya fito daga wani wuri, kuma wurin da ya fi sauƙi shi ne aljihun mai ƙara da na wanda ake ƙara. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019 don rage wannan, amma mutumin da ke gaban kanta a Darazo ko Zaki bai ga bambancin da zai sa ya canza ra'ayi ba. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a kan fanshonsu, ƙananan da ke bakin aiki kuma suna kallon makomarsu. Ban kawo wannan don wanke mai karɓar cin hanci ba. Na kawo ne don a gane cewa korar kurtu ɗaya ba ta rufe ramin da ya sa ya miƙa hannu.

Ginin ofishin ma ya canza. Ranar 26 ga Yulin 2009 'yan Boko Haram suka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a cikin garin Bauchi, daga nan wutar ta bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. A shekarun da suka biyo baya an kashe 'yan sanda da yawa a ofisoshinsu a Arewa, sai aka kewaye su da buhunan yashi da shingaye, aka hana tsayawa kusa. Suna da hujja. Sai dai wurin da ake so tsohuwa ko yarinya ta shiga ta faɗi damuwarta ya koma wurin da ake tsayar da mutum daga nesa da bakin bindiga a tambaye shi abin da ya kawo shi.

A unguwannin da 'yan sara-suka suka yi ƙarfi, kowa ya san yaran. An san sunayensu da gidajen iyayensu da inda suke taruwa. Abin da ke hana magana tambaya ɗaya ce: in na faɗa, wa zai sani? Mutane sun sha ganin an kama yaro ranar Litinin, kafin Juma'a wani mai faɗa-a-ji ya sa baki an sake shi, musamman in zaɓe ya ƙarato. Shi da ya fito ya san wanda ya kai shi, kuma kwana za su yi a layi ɗaya. A ƙauyukan Toro da Ningi da ke gefen dajin Lame-Burra, da na Alkaleri, abin ya fi muni. Masu garkuwa sukan gargaɗi iyali cewa in suka sanar da hukuma gawa za su karɓa, kuma mutanen ƙauye sun yi imani akwai infoma a cikinsu. Sai a sayar da shanu da hatsi, a haɗa kuɗi a ɓoye, a karɓo mutum, a yi shiru. A 2022 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudiri mai tanadin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Manufar ita ce a datse wa 'yan bindiga hanyar samu, amma uban da 'yarsa ke daji abin da ya ji shi ne yanzu yana da dalili na biyu na ɓoye maganar.

Shirun da ya fi ci mini rai shi ne na fyaɗe. A nan ba kuɗin mai ba ne matsalar farko, a cikin gida ake kashe maganar tun kafin ta kai ƙofa. Za a ce a rufa asiri, yarinya ce, wa zai aure ta in gari ya ji. Sau da yawa wanda ya aikata ba baƙo ba ne: maƙwabci ne, ko mai shagon layi, ko ɗan'uwa, ko wanda ake jin nauyinsa. Sai manya su shiga, a zo da ban haƙuri, a biya kuɗin magani, a ce Allah ya kiyaye gaba. Uwar da ta dage sai an kai ƙara ita za a mayar mai laifi, a ce tana tona wa 'yarta asiri. In ta yi ƙarfin hali ta je, a wasu wuraren za a sa yarinyar ta maimaita abin da ya faru a gaban kanta, maza suna shiga suna fita, a kuma yi mata tambayoyi irin na "me ya kai ki ɗakinsa?" Kwanakin da aka ɓata ana shawara a gida su ne masu tsada: shaidar da likita zai iya gani tana gushewa, maganin kariya daga cutar ƙanjamau kuma cikin awa 72 ake fara shi. Jihar Bauchi ta sami dokar hana cin zarafin mutane tun 2020, da hukunci mai tsanani a kan fyaɗe, amma doka ba ta hukunta wanda ba a kai gabanta ba. Wanda aka yafe wa a zaure bai bar unguwar ba, kuma akwai sauran yara mata a layin.

Kada a ɗauka ƙarar da ba ta je caji ofis ba ta tsaya ke nan. Tana tafiya wani wuri. Rikicin gona da na gado da na maƙwabta wurin mai unguwa da hakimi yake zuwa. Na aure da na bashi ana kai shi Hisba ko zauren sulhu, waɗanda suka ƙara ƙarfi bayan jihar ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2001. Sata kuwa 'yan kwamiti da 'yan banga da mafarauta ake kira. Mutanen jihar nan ba su manta da marigayi Ali Kwara na Azare ba, wanda ya rasu a Nuwamban 2020. Shekaru da yawa, idan fashi ya yi ƙamari a wata hanya, sunansa ake ambata. Abin lura shi ne tare da 'yan sanda yake aikinsa. Ashe ba kakin mutane suke gudu ba. Sun yarda da shi ne saboda an san shi, ana iya samunsa, kuma in an kira shi ana ganin sakamako.

Wannan ya sa wasu dattawa ke begen zamanin 'yan doka na En'e, waɗanda gwamnatin soja ta narkar cikin rundunar tarayya daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Ɗan doka ɗan gari ne, yana jin yaren mutane, ya san wane ɗan gidan wane. Yau sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa, kuma kwamishinan da ke Bauchi daga Abuja ake turo shi. Tun Fabrairun 2024, da shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi, maganar ta sake zafi. Akwai hikima a ciki, domin jami'in da ya san lungu da harshe ya fi baƙo jin ƙishin-ƙishin. Amma masu begen su tuna cewa da waɗannan 'yan doka aka riƙa kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a Jamhuriya ta Farko. Ɗan sandan jiha da ba a ba shi mai ba shi ma kuɗin mai zai nema, wanda kuma gwamna ke biyansa zai yi wuya ya riƙe yaron ɗan siyasar jam'iyyar gwamna.

Su ma waɗancan hanyoyi na gargajiya suna da iyaka. Sulhu ya dace da rikicin iyakar gona, bai dace da fyaɗe ko kisa ba. 'Yan banga da yawa sun ba da rayukansu wajen kare ƙauyukansu, amma akwai waɗanda ke ɗaure mutum su yi ta duka har ya amsa abin da bai yi ba, kuma ba wanda zai bi masa kadi. Ƙarshen wannan hanya shi ne ihun "ɓarawo!" a kasuwa. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga aƙalla mutum 555 da ɗaukar doka a hannu ta rutsa da su a Najeriya daga 2012 zuwa 2023. In ka tambayi masu jifan, amsarsu ɗaya ce: in an kai shi sakinsa za a yi. Wanda ya mutu a hannunsu kuwa ba a taɓa tabbatar da ko shi ne ba.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani da ido. Da rahoton da ya shiga littafi hedikwata ke yanke shawarar inda za a tura mota da ƙarin jami'ai. Unguwar da ake ƙwacen waya kullum amma ba a kai ƙara, a takarda unguwa ce mai zaman lafiya. Ɓarawon da ya yi sata goma ba a rubuta ko ɗaya ba, ranar da aka kama shi alƙali zai ɗauke shi a matsayin mai laifin farko.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke kai wanda muke bi bashi caji ofis mu ba da kuɗi a kulle shi "ya ji a jikinsa", alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Mu ne muke kuka da sara-suka da safe, da yamma mu bi ɗan majalisa ya karɓo mana ɗanmu da aka kama da adda. Wanda ya sayi waya a rabin kuɗinta, ba kwali ba rasit, ya san daga inda ta fito.

Duk da haka nauyin farko yana kan mai kaki, domin shi ke riƙe da bindiga da makullin sel. Yawancin abin da zai sauya lissafin talaka kuma ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta riga ta ce alƙalin majistare ya riƙa duba caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya ga waɗanda ke tsare da dalilin tsare su. Babban jojin jiha da ƙungiyar lauyoyi za su iya tabbatar da ana yi, har a Gamawa da Bogoro, ba a cikin birni kaɗai ba. Sashen karɓar koke a kan 'yan sanda da aka kafa a 2015 yana nan, amma sai mutane sun ji a rediyo da Hausa cewa wane ya kai koke an hukunta jami'in kafin su yarda yana aiki. Kwamishina zai iya ba da umarni gobe cewa duk wanda ya kawo ƙara a ba shi 'yar takarda mai lambar ƙararsa da sunan jami'in da ke bincike da lambar wayarsa, a ware ɗaki da 'yar sanda mace don sauraron mata da yara, a kuma hana faɗin sunan wanda ya kawo bayani ga kowa in ba DPO ba. Gwamnatin jiha kan raba wa jami'an tsaro motocin sintiri a yi biki. Kamata ya yi kowace mota ta zo da kasafin manta da na gyaranta na wata-wata, a tura shi kai tsaye ga ofishin da ke amfani da ita, a kuma liƙa adadin a bango kusa da inda aka rubuta beli kyauta ne, yadda mai ƙarar da aka ce ya kawo kuɗin mai zai sami abin nunawa da yatsa.